Ramukan Wata da Sunayensu: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Kaduna

Ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a nan Kaduna, kuma ina da ɗan madubin hangen nesa da nakan fito da shi ƙofar gida bayan isha'i idan sama ta washe. Maƙwabta sun saba. Da sun hango ƙafafunsa uku a tsaye sai a fara taruwa, yara a gaba, manya a baya suna jiran a ce musu bismillah. Kusan duk wanda ya ɗora ido karon farko magana ɗaya ke fita bakinsa: "Ikon Allah! Ashe watan nan duk ramuka ne?" Wata dattijuwa mai tuyar waina a layinmu ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce, "Malam, ai wannan tanda ce." Har yau ban ji kwatancin da ya kai nata ba.

Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa. Sunayen ramukan na bar su yadda aka rubuta su a taswira, domin mai nema ya same su.

Malam, me ya haƙa ramukan nan?

Duwatsu ne masu yawo a sararin samaniya suka faɗa wa wata, wasu kamar tsakuwa, wasu sun fi birni girma. Gudu ne ke yin ɓarnar. Irin dutsen nan kan iso da saurin kilomita 15 zuwa 20 a daƙiƙa ɗaya, wato tafiyar Kaduna zuwa Zariya cikin daƙiƙa 4 ko 5. Abu mai wannan gudu idan ya taɓa ƙasa fashewa yake yi: wani ɓangarensa ya narke, wani ya zama tururi, ƙasar wurin ta tarwatse ko'ina. Shi ya sa ramin kan ninka dutsen da ya haƙa shi sau 10 zuwa 20 a faɗi.

An daɗe ba a yarda da haka ba. Tun da Galileo ya fara duban wata da madubi a 1609, masana da yawa sun ɗauka bakunan duwatsu masu aman wuta ne. Wani masanin duwatsu ɗan Amurka, Grove Karl Gilbert, ya kawo hujjar faɗowar duwatsu a 1893, amma ba a ba shi kunne sosai ba. Sai wajen 1960 Eugene Shoemaker ya tabbatar da cewa dutsen sama ne ya haƙa babban ramin nan na jihar Arizona ta Amurka. Daga baya 'yan sama jannatin Apollo suka kwaso duwatsun wata kilogiram 382 tsakanin 1969 da 1972, aka tarar da yawansu farfasassu ne da suka sake mannewa saboda tsananin karo da zafi. Nan gardama ta mutu.

Ai dutse ba kullum yake faɗowa a tsaye ba. Me ya sa ramukan duk da'ira ne?

Wani ɗalibina ɗan aji huɗu ne ya fara yi mini wannan tambaya, na kuma gaya masa ita ce ta hana manyan masana yarda shekara da shekaru. Amsar tana cikin fashewar. Nakiya idan ta tashi ba ruwanta da ta wace kusurwa aka jefo ta, ƙarfinta kowane gefe yake tafiya daidai. Sai fa idan dutsen ya zo a kwance ƙwarai, kamar yadda yara ke wurga faffaɗan dutse a kan ruwa yana tsalle. A nan ne ake samun rami mai tsawo, irin wanda ake kira Messier. Su kuwa ramukan da ke gefen wata da kake gani kamar ƙwai, da'ira ne su ma. A karkace kake kallonsu, kamar faifan da aka kishingiɗa.

Da mutum zai tsaya a bakin ɗaya, me zai gani?

Ya danganta da girmansa. Ƙananan ramuka, waɗanda faɗinsu bai kai kilomita 15 ba, siffar ƙwarya gare su: bango mai santsi, gindi a dunƙule, zurfin kuma kimanin kashi 1 cikin 5 na faɗin. Leɓen ramin yakan taso sama da filin da ke kewaye, domin ƙasar da aka tono ce ta taru a baki, kamar yadda ganuwar birni ke tashi daga ƙasar ramin da aka haƙa a gefenta.

Da zarar faɗi ya wuce kilomita 20 sai siffa ta sauya. Bango ya yi nauyin da ba zai iya riƙe kansa ba, sai ya zame ciki hawa-hawa kamar matakala. Gindin ya baje ya zama fili, a tsakiya kuma tsauni ya taso. Wannan tsauni shi ya fi ba mutane mamaki, alhali kowa ya taɓa ganin irinsa. Jefa tsakuwa a randa ka lura: ruwan ya lotsa, nan take tsakiyarsa ta yi tsalle sama. Haka dutse ke yi a ƙarƙashin irin wancan ƙarfi, yana motsi kamar ruwa na ɗan lokaci, sai dai shi idan ya taso a nan yake daskarewa.

Ɗauki Tycho, a kudancin wata. Faɗinsa kilomita 85 ne, kusan nisan Kaduna da Zariya. Zurfinsa ya haura kilomita 4 da rabi, wato kusan ninki biyu na tsayin Chappal Waddi na jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya. Tsaunin tsakiyarsa kaɗai ya doshi kilomita 2. An ƙiyasta shekarunsa a miliyan 108, kuma a lissafin wata yaro ne ɗanye. Copernicus ya ɗan fi shi faɗi, kilomita 93, ya kuma girme shi nesa, shekara kusan miliyan 800. Clavius kuwa ya haura kilomita 220, kamar ka tashi daga Kaduna ka doshi Kano, har ƙananan ramuka sun jeru a cikinsa kamar baka.

Babbansu duka yana bayan wata, ɓangaren da ba ma gani daga nan: kwarin da ya miƙa daga ƙuryar kudu zuwa ramin Aitken. Faɗin kwarin kusan kilomita 2,500 ne. Najeriya duka za ta shige cikinsa ta bar fili. A cikinsa ne kumbon Chang'e 4 na ƙasar Sin ya sauka a Janairun 2019, Chang'e 6 kuma ya ɗebo ƙasarsa ya kawo duniya a 2024.

Fararen layukan da ke fitowa daga wani rami idan wata ya cika fa?

Ɓarɓashin da ya fantsama ne. Nakan nuna wa ɗalibai haka a aji: mu cika tire da garin masara, mu barbaɗa garin gawayi a sama har ya rufe, sai yaro ya hau benci ya saki dutse. Farin gari ya yi tsiri-tsiri a kan baƙi ta kowane gefe, leɓe ya taso, yara su yi ta sowa. Layukan Tycho sun kai tsawon kilomita 1,500. Da tafiyar zamani, ƙananan ƙwayoyin dutse da iskar rana, wato ƙwayoyin da rana ke fesowa, da ke dukan wata kullum sukan duhunta su har su ɓace, don haka duk ramin da ka gani da layuka masu haske sabon shiga ne. Wata hanyar gane babba da ƙarami a shekaru ita ce duba wanda ya hau kan wani. Wanda ya ci leɓen ɗan'uwansa shi ya zo daga baya.

Baƙaƙen wuraren nan da ake gani da ido, teku ne?

A'a, babu ɗigon ruwa a cikinsu. Manya-manyan kwaruruwa ne da narkakken dutse ya ɓulɓulo ya cika fiye da shekara biliyan 3 da suka wuce, ya daskare ya yi baƙi. Mutanen da sun zaci ruwa ne suka kira su tekuna, sunan kuma ya zauna. A wanda ake kira Tekun Natsuwa Apollo 11 ya sauka a Yulin 1969.

To me ya sa duniyarmu ba ta cika da ramuka haka ba?

Ta sha duka ita ma, sai dai tana goge tabonta. Iskar da ta lulluɓe mu tana ƙone ƙananan duwatsu tun a sama. Su ne ake gani da dare kamar tauraro ya tsinke. Wanda ya iso ƙasa ya yi rami kuwa, ruwa da iska da tsiro ba sa barinsa. Duba abin da damina ɗaya ke yi wa titin ƙasa a Rigasa ko Hayin Banki, ka lissafa damina miliyan. Wata ba shi da iska, ba shi da ruwan sama, shi ya sa aka ƙirga ramuka sama da miliyan 1 a kansa masu faɗin kilomita 1 zuwa sama, alhali waɗanda aka tabbatar a duniya kusan 200 ne.

Ɗaya daga cikin mafi kyawunsu yana maƙwabtanmu: tafkin Bosumtwi na ƙasar Gana, kusa da Kumasi da fatakenmu suka sani tun zamanin fataucin goro. Ramin ya haura kilomita 10 a faɗi, shekarunsa kimanin miliyan 1. Mu ma dutsen sama ya taɓa sauka a ƙasar Hausa. A Oktoban 1962 wani mai nauyin kilogiram 18 ya faɗo gona a Zagami ta ƙasar Katsina, kusa da wani manomi, daga baya bincike ya nuna ɓallin duniyar Mas ne. Masanan duniya da sunan Zagami suke kiransa har gobe, yaranmu kuwa da ƙyar ka sami wanda ya taɓa jin labarin. Wannan yana damuna.

Wa ya raɗa wa ramukan suna?

Mutane da dama sun gwada. Michael van Langren ya fitar da taswira a 1645 ya cika ta da sunayen sarakuna da manyan fada. Ba ta ɗore ba. Hevelius a 1647 ya aro sunayen wurare na duniya, kaɗan daga cikin nasa ne suka tsira, galibi na tsaunuka. Wanda tsarinsa ya zauna shi ne Giovanni Riccioli, limamin Kirista kuma masanin taurari a birnin Bolonya na Italiya, wanda ya wallafa tasa a 1651 tare da abokin aikinsa Francesco Grimaldi. Tekuna ya ba su sunayen yanayi, irin su ruwan sama da hadari da natsuwa, ramuka kuma ya ba su sunayen masana taurari da falsafa. Shi da Grimaldi kowa ya sami rami, maƙwabtan juna a gefen yamma. Tycho sunan Tycho Brahe ne ɗan Denmak. Copernicus kuwa ɗan Folan ne da ya ce duniya ke zagaya rana. Cocin Riccioli ba ta yarda da wannan magana ba a lokacin, amma duk da haka ya ba shi ɗaya daga cikin ramukan da suka fi fita.

Da gaske akwai sunayen malaman Musulunci a kan wata?

Da gaske, kuma sun haura ashirin. Abin da ya ɓoye su shi ne bakin Latin da aka faɗi sunayen da shi. Wani malamin Islamiyya maƙwabcina ya taɓa karanta Albategnius a taswirata ya wuce abinsa, da na ce masa al-Battani ne, sai ya cire tabarau ya ce, "Malam, maimaita." Al-Battani ya yi aikinsa a Raƙƙa ta ƙasar Sham, ya rasu a 929. Ya auna tsawon shekarar rana ya sami kwana 365 da awa 5 da minti 46 da daƙiƙa 24, kuskurensa bai kai minti 3 ba, kuma ba shi da madubin hangen nesa. Copernicus kansa ya kafa hujja da ma'auninsa. Ramin al-Battani yana kusa da tsakiyar wata, faɗinsa kimanin kilomita 130.

Arzachel shi ne al-Zarƙali na Andalus, gwanin ƙera kayan auna taurari a ƙarni na 11. Azophi shi ne Abdurrahman al-Sufi, wanda a 964 ya ambaci wani ɗan gajimare a sama, wanda yau aka san tarin taurarin Andromeda ne. Alhazen shi ne Ibn al-Haisam da ya bayyana cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo. Alfraganus al-Farghani ne, Alpetragius al-Biɗruji, Almanon kuma halifa al-Ma'amun na Bagadaza. Waɗannan Turawa ne da kansu suka sa su tun ƙarnoni baya, domin da littattafan mutanen nan suka yi karatu.

Daga 1970 zuwa gaba aka ƙara wasu, da yawa da rubutun da ya fi kusa da asali: Al-Biruni, Al-Khwarizmi, Ibn Yunus, Ibn Firnas, Omar Khayyam. Wanda ya fi kusa da gida shi ne Ibn Battuta, ɗan ƙaramin rami mai faɗin kimanin kilomita 12. Matafiyin nan ya ratsa Mali a 1352 zuwa 1353, ya isa Takedda da ke cikin Nijar ta yau, ya ambaci Barno da wata ƙasa da masana da yawa ke ɗauka Gobir ce.

Ina son yaranmu su san sunayen nan. Amma ina son su san dalilin ma: mutanen sun kwana suna duban sama, sun auna, sun rubuta, sun gyara kuskuren waɗanda suka gabace su. Mu a garin nan duk wata muna ɗaga kai neman jinjirin wata, muna jiran sanarwar fadar Sarkin Musulmi. Da ya tsaya kuma sai mu sunkuyar da kai har wata mai zuwa. Al-Battani bai sunkuyar ba.

Yanzu wa ke da ikon sa suna, kuma da wane sharaɗi?

Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya, wadda aka kafa a 1919. Kafin ta, rami ɗaya sai ya zama da suna biyu ko uku, kowace taswira da nata. Wata Baturiyar Ingila, Mary Blagg, ta shafe shekaru tana gwama taswirori tana warware rikicin, kuma jerin da ta shirya tare da Karl Müller shi ƙungiyar ta amince da shi a 1935. Ita kanta ramin da aka ba ta kimanin kilomita 5 ne kawai, kuma mata masu suna a kan wata kaɗan ne ƙwarai har yanzu.

Sharaɗin yau shi ne mutum ya zama masani ko mai binciken da ya yi fice, ya kuma cika shekara 3 da rasuwa. Ba a sa sunan da ke ɗauke da siyasa, ko soja, ko addini. Tsofaffin sunaye irin Julius Caesar da Alphonsus sarkin Kastila sun riga dokar, aka bar su. An yi togaciya ga wasu 'yan sama jannati tun suna raye: Armstrong, Aldrin da Collins suna da ƙananan ramuka kusa da inda Apollo 11 ya sauka.

Ramukan da ba su sami nasu suna ba sai a jingina su ga babban da ke kusa a ƙara harafi, kamar yadda ake kiran yaro da sunan gidansu: Copernicus A, Copernicus B. Wani lokaci a cire harafin a raɗa suna. Ibn Battuta a da Goclenius A ake ce masa. Ramukan da ƙungiyar ta yi wa rajista sun haura 9,000, mafi yawansu masu harafi ne.

Akwai ɗan Afirka ta Yamma a irin wannan jeri?

A duniyar Makyuri, inda ake sa sunayen marubuta da masu fasaha, akwai rami mai sunan Ahmad Baba, malamin Tumbuktu, da wani mai sunan Ben Enwonwu, mai zane da sassaƙa ɗan Najeriya.

Na ga a intanet ana sayar da rami a sa sunan mutum. In biya?

Kada ka biya, ɗan'uwa. Takarda mai ado za su aiko maka, ba kuwa taswirar da za ta ɗauki sunan. Ƙungiyar da ke da ikon ba ta sayar da suna, yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 kuma ta hana kowace ƙasa mallakar wata.

Hoton da ake turawa a WhatsApp cewa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta gano tsagin tsagewar wata fa?

Ni Musulmi ne, kuma abin da ya zo a farkon suratul Ƙamar ba ya jiran hoton kowa ya tsaya masa. Bayaninsa na malamai ne. Abin da zan faɗa a kan hoton shi ne, tsagin da aka fi nunawa sunansa Rima Ariadaeus, tsawonsa kimanin kilomita 300, kewayen wata kuwa ya doshi kilomita 11,000. Wuri ne da ƙasa ta dare gida biyu tsakiya ta zauna, kuma akwai irinsa da yawa a warwatse. NASA ba ta fitar da sanarwar da ake jingina mata ba. Ina roƙon 'yan'uwa a daina turawa, domin yaron da ya girma ya gano an faɗa masa abin da ba haka ba yakan fara shakkar har abin da yake gaskiya.

An ce akwai ƙanƙara a wasu ramuka.

Haka ne. A ƙuryar kudu da ta arewa rana kullum a gefen sama take, ba ta hawa, don haka gindin wasu ramuka bai ga haske ba shekaru aru-aru. Sanyinsu ya zarce digiri 200 a ƙasa da sifili. A Oktoban 2009 Amurka ta rafka wani ɓangaren roka da gangan cikin ramin Cabeus, aka auna ƙurar da ta tashi aka sami ruwa a ciki. Shackleton, mai faɗin kilomita 21, yana daidai ƙuryar kudu, leɓensa na shan rana kusan kullum, gindinsa na cikin duhu. Dalilin da ya sa ƙasashe ke rububin yankin ke nan.

Har yanzu sababbi na samuwa?

Suna samuwa. A ranar 17 ga Maris 2013 an hango walƙiya a kan wata daga duniya, daga baya kumbon da ke zagaya shi tun 2009 ya ɗauko hoton sabon rami a wurin, faɗinsa mita 18.

Yaushe ya fi dacewa in duba daga Kaduna, kuma da me?

Yawancin mutane daren 14 suke zuwa mini, alhali a ranar ramuka ba sa fita, domin rana na dukansu ta ka, ba inuwa. Ka zo tsakanin daren 6 da na 9 ga watan Musulunci, lokacin da wata ke rabi, yana sama tun magariba. Ka kafa ido a kan layin da ya raba haske da duhu. A nan ne rana ke fitowa a kan wata, inuwa ta yi tsawo, kowane leɓe da kowane tsauni ya tsaya sarai. A shekara kuwa, ƙarshen damina zuwa kaka ya fi, bayan hadari ya janye kafin hazon hunturu ya sauko. Hasken unguwa ba ya hana ganin wata, ko a tsakiyar Tudun Wada kake.

Madubin hannu mai ido biyu, irin mai lamba 10x50, ya isa ya nuna maka Clavius da Copernicus. Ka jingina gwiwar hannu a kan katanga ko rufin mota don kada ya yi rawa. Kallon wata ba ya cutar da ido, amma kada a taɓa juya madubi wajen rana, kuma kada a bar shi a hannun yara da rana tsaka.

A daren 7 ka nemi Albategnius dab da tsakiya. Washegari ko jibi wasu uku za su fito a gefensa, a jere daga arewa zuwa kudu: Ptolemaeus babba, Alphonsus, sannan Arzachel da tsauninsa a ciki. Daren 14 kuma na Tycho ne. Idan wata ya ɓullo daga gabas bayan magariba kana fuskantarsa, duba ɓangaren hannun damanka, za ka ga farin tabo da layuka suna fita daga gare shi, ko da ido kawai.